Yadda Ake Tsayar da Launin Kabewa ta Hanyar Haɗa Fure da Hannu

Shekarar da na fara noman kabewa a 'yar gonata ta bakin kogin Galma, na sayi wata a kasuwar Sabon Gari, ɓawonta toka-toka, cikinta ja wur kamar an zuba manja. Uwargida ta yi miyar taushe da ita, kowa ya yaba. Na kwashe irin na shanya, da damina ta sauka na shuka rami 14. Uku kacal suka yi kama da uwarsu. Sauran kore ne, wasu roɗi-roɗi, biyu kuma da aka yanka cikinsu fari-fari, ba zaƙi. Ba wanda zan ce ya cuce ni, tunda da hannuna na cire irin.

Dalilin shi ne ɓawon kabewa da tsokarta jikin uwa ne, amma irin da ke cikinta rabinsa na uba ne, uban kuwa ƙudan zuma ne ya zaɓo shi daga duk gonar da ya biyo. Masara ba ta ɓoye wannan: in farar masara ta yi maƙwabtaka da ja, a shekarar nan za ka ga ƙwayoyi masu launi a jikin zangarniya. Kabewa kuwa sai baɗi take nuna abin da ya shige ta. Don haka mai son launi ya tsaya masa, dole shi zai zaɓi uban, ba ƙudan zuma ba.

Kayan aiki

Irin kabewar da kake so. Salatif na takarda, irin na masu fenti, domin na roba yana tara gumi ya ruɓar da fure. In babu shi, zaren ulu ko tsumman atamfa da aka yaga siri-siri ya wadatar, ni ma da tsumma na fara. Zare mai launi daban na yin alama. Littafi da biro, da alƙalamin maka mai tawadar da ruwa ba ya wanke ta. Turaku ko gutsattsarin farar jarka da za ka rubuta lamba a kai. Tsohon gidan sauro da aka yayyanka kamar faɗin hankici. Ambulan na takarda da kwalba mai murfi don ajiyar iri. Wuƙa, faifai ko rariya, da tocila, saboda aikin na magariba ne da na asuba.

1. Fara sanin wace kabewa ce a hannunka

Abin da muke kira kabewa da suna ɗaya, jinsi uku ne manya, kuma ba kasafai suke haɗuwa da juna ba. Mariƙin da ke haɗa kabewar da yaɗo shi ne shaidarka. In mulmulalle ne, mai kauri, mai laushi kamar ɓargon kara, wannan ce masana ke kira Cucurbita maxima, kuma daga cikinta ake samun ƙattin kabewa na gasar girma. In yana da kusurwa biyar kuma ya baje kamar bakin kakaki a inda ya kama kabewar, moschata ce, wadda ta fi sauran jure zafi da laima. In mai tauri ne, mai kusurwa biyar masu zurfin tsagi, ga ganye mai ƙaiƙayi, pepo ce.

Kada ka ɓata lokaci kana haɗa maxima da pepo, galibi ɗan zai zube, ko ya girma ba iri a ciki. Sannan akwai maganar da ake yawan yi a gona cewa duma ko guna ko kankana suna ɓata kabewa in suna kusa. Ba sa haɗuwa da ita. Duma ma farin fure gare shi, da dare yake buɗewa. Abin da za ka sa wa ido shi ne kabewar maƙwabci mai mariƙi irin na taka.

2. Fahimci yadda launi ke gado

Ba sai ka yi dogon karatu ba, duk wanda ya je gwajin jini kafin aure ya riga ya san rabin darasin. Mai AS lafiyarsa ƙalau, ba abin da za ka gani a jikinsa, amma yana ɗauke da S a ɓoye. In AS ya auri AS, kowane ciki yana da kaso ɗaya cikin huɗu na zuwa da SS. Haka launin ɓawon kabewa yake. Kowace shuka tana karɓar ƙwayar gado ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. Wani launi mai rinjaye ne, ƙwaya ɗaya ta ishe shi ya bayyana. Wani mai ɓuya ne, ba ya fitowa sai ya samu ta ɓangare biyu. Gregor Mendel ne ya fara ƙidaya wannan a kan wani nau'in wake a garin Brno, ya wallafa a 1866, uku ga mai rinjaye, ɗaya ga mai ɓuya.

A jinsin maxima, ruwan lemo yana rinjayar kore, kore kuma yana rinjayar toka-toka. Ka ga abin da ya same ni ke nan: uwar kabewata toka-toka ce, garin furen koren kabewa ya shige ta, 'ya'yan suka fito kore. Masu gasar ƙattin kabewa a Amurka da Turai sun san wannan sosai. Irin da suke shukawa, Atlantic Giant, wani manomi ɗan Kanada ne mai suna Howard Dill ya yi shekaru yana tace shi a lardin Nova Scotia, kuma daga zuriyarsa ne Travis Gienger na jihar Minnesota ya samu wadda ta kai kilo 1,247 a 2023. Wani lokaci sukan haɗa biyu masu ruwan lemo, sai kore ya ɓullo a cikin 'ya'yan, domin iyayen duka suna ɗauke da shi. Wadda ta fito kore ko toka-toka gaba ɗaya, rukuni daban ake auna ta a gasa.

A jinsin pepo akwai wani tsari da ke cikin littattafan makaranta. Ƙwayar fari tana rufe komai, in babu ita rawaya ta rinjayi kore. In ka haɗa masu ɗauke da duka biyun a ɓoye, cikin 16 za ka sa ran fari 12, rawaya 3, kore 1.

Launin tsoka kuma hanyarsa daban, kuma ni shi ya fi damuna, domin shi ke shiga tukunya. Jan nan na ciki sinadarin karotin ne, wanda jiki ke mayarwa bitamin A. Ƙwayoyin gado da dama ne ke haɗuwa su yi shi, shi ya sa ba ya rabuwa gida biyu ƙarara, sai dai daga fari-fari zuwa ja sosai, hawa-hawa. Wannan sai da zaɓe na shekara da shekara.

3. Shuka, ka ba kowace lamba

Da damina ina shukawa a farkon Yuni, in ruwa ya zauna. Da rani kuma ƙarshen Oktoba zuwa Nuwamba a fadama, don fure ya zo a cikin sanyin hunturu. Kada ka bari furen ya faɗa zafin Maris da Afrilu, 'ya'yan zubewa suke yi. Kabewa tana ɗaukar wata uku zuwa huɗu, don haka mai ban ruwa zai iya samun zuriya biyu a shekara ɗaya.

Rami da rami taku uku manya, ƙattin kuwa sun fi son ninkin haka. Zuba ruɓaɓɓen taki kwano biyu a kowane rami, sa iri biyu, in sun tsiro ka cire ɗaya. Kuskuren da ya fi yawa shi ne barin shuka biyu ko uku a rami guda. In yaɗo ya sarƙe ba ka ƙara sanin furen wace kake tsinka ba, aikin kuma ya lalace tun ba a fara ba. Kafa turke da lamba a gindin kowace, ka riƙa juya kan yaɗon zuwa nata fili.

4. Ɗaure fure da yamma

Bayan mako shida zuwa takwas fure zai fara. Shuka ɗaya tana yin namiji da mace. Namijin yana kan dogon siririn kara, shi ke fara fitowa, kuma ya fi yawa. Macen tana da ɗan ƙwallo a ƙarƙashinta, shi ne kabewar gobe. A ƙattin gasa, ɗan ƙwallon nan yana ba da labari tun da wuri: in rawaya ne za ta tafi ruwan lemo, in kore ne kore za ta zama.

Bayan la'asar sakaliya ka zagaya gona. Furen da zai buɗe gobe za ka gan shi ya kumbura, bakinsa ya fara rawaya, amma bai tsage ba. In har yanzu kore ne shar, sai jibi. In ya yi yaushi ya murɗe, na yau ne, ya wuce. Ka ɗaure bakin macen da salatif ko tsumma, can sama wajen tsini, don gobe za ka buƙaci sauran ganyen furen ka sake ɗaurewa. Ka ɗaure namiji biyu ko uku saboda kowace mace.

Mutane da yawa suna ɗaure macen su bar namijin a buɗe. Wannan asarar wahala ce. Ƙudan zuma ɗaya da ya shiga namijin da asuba ya riga ya bar masa garin wata gona. Duk wanda ya bi ta gonakin gwaji na Cibiyar Binciken Aikin Gona a Samaru ya ga dawa da masara sanye da hulunan takarda, dalilin ke nan, kuma suna wannan aiki a wurin tun kafin a kafa Jami'ar Ahmadu Bello a 1962.

Wane namiji za ka ɗaure? In launin da kake so yana cikin irinka, kana son ka tace shi ne kawai, ɗauki namiji da mace daga shuka guda. Kabewa tana jure auren gida fiye da masara. In kuwa launi biyu kake son haɗawa, mace daga wannan, namiji daga waccan.

5. Haɗawa da safe

Daga sallar asuba ka wuce gona, da gari ya waye ka fara, ka gama kafin ƙarfe tara. Tsinko namijin da karansa, ka kwance shi a gaban macen, ba a can nesa ba. Yage ganyen furen duka, sai ɗan sandan tsakiya ya rage. Taɓa shi da yatsa, in gari rawaya ya manne maka, ya nuna. In bai saki ba, kamar yadda yake yi a safiyar hunturu mai tsananin sanyi, jira rana ta ɗan taɓa shi.

Kwance macen a hankali. A cikinta akwai kai mai ɓangare uku, wani lokaci huɗu ko biyar a ƙattai. Goga sandan namijin a kowane ɓangare, ciki da waje, kamar mai shafa kwalli, kada ka danna. Ɓangaren da bai samu gari ba ba ya yin iri, kabewar sai ta fito a karkace. Yi da namiji na biyu ma. Sannan ka tattara bakin furen ka ɗaure nan take.

Wata safiya ina tsugune, na kwance mace, na juya in ɗauko namijin da na ajiye a kan ganye. Kafin in waiwayo ƙudan zuma ya shige ciki, ƙafafunsa duk rawaya. Dattijon da gonarsa ke jikin tawa yana tsaye yana kallo, ya ce, “Malam, ai ya riga ka. Bar masa wannan.” Na ce, “Haka ne, Baba,” na cire zaren alamar na wuce ta gaba. In haka ta same ka, kai ma haka za ka yi, kabewar ta ci ce, ba ta iri ba. Tun daga ranar nake riƙe namijin a baki ta wajen karansa, hannuna biyu suna kan macen.

Ka wanke hannu ko ka goge da jiƙaƙƙen tsumma kafin ka koma wata shuka. A watan Agusta kuma ruwa ne abokin gaba, jiƙaƙƙen gari ba ya aiki. In hadari ya haɗo da yamma, kifa ƙaramin kofi ko ganyen kabewar a kan furen da ka ɗaure.

6. Alama da kulawa

Ɗaura zare mai launi a mariƙin, sako-sako domin zai yi kauri. Rubuta a littafi: kwanan wata, lambar uwa, sannan lambar uba. Kullum uwa ce farko. Bayan kwana uku zuwa biyar za ka sani. In ya kama, ƙwallon zai yi sheƙi ya fara girma, in bai kama ba zai yi rawaya ya faɗi. Ba duka ke kamawa ba, don haka yi biyu ko uku a kowace shuka. In shukar ta riga ta ɗauki wata kabewa ta ƙudan zuma, cire ta, in ba haka ba za ta zubar da taka. Lulluɓe ƙaramar da gidan sauro saboda ƙudan da ke huda ɓawo ya sa ƙwai, ka sa mata busasshiyar ciyawa ko katako a ƙasa.

7. Karanta launi a lokacin da ya dace

Kada ka yanke hukunci a kan ɗanyar kabewa, da yawa kore suke tasowa su juya daga baya. Jira sai mariƙi ya bushe, farce ya kasa shiga ɓawo. Gefen da ya kwanta a ƙasa kullum ya fi haske, inda rana ta ƙona kuma yakan yi fari, duk ba gado ba ne. Haka in ka ga ganye ya yi dabbare-dabbare ya ƙanƙance, kabewar kuma ta fito da tabon kore da ƙuraje, ciwo ne da ƙananan ƙwari masu tsotsar ganye ke yaɗawa. Kada ka ɗauki irin wannan shuka.

Rubuta launin kowace shuka, har waɗanda ba ka so, domin ƙidayarsu ce za ta gaya maka abin da ke ɓoye. In kana da waya ɗauki hoto a inuwa da farar takarda a gefe.

8. Cire iri da adanawa

Bayan girbi ka ajiye kabewar a inuwa mai iska kamar mako uku. Irin yana ƙara cika a ciki, tsokar ma tana ƙara ja. Duk waɗanda za ka gwada da juna ka yanka su bayan kwanaki daidai, in ba haka ba za ka zalunci wadda aka yanka da wuri. Jera ɓallin kowace a faifai ɗaya ka duba. Ni nakan ba uwargida ta dafa su daban-daban, domin akwai mai ja sosai amma ruwa-ruwa, ba ta ɗaure miya.

Lasa ɗanyar tsokar kafin komai. In ka ji ɗaci mai tsanani, tofar, kada a dafa, kada a ba dabba, kada a ajiye irin. Wannan ɗaci guba ne mai sa amai da gudawa, dahuwa ba ta kashe shi, kuma ana gadonsa.

Wanke irin, zubar da shafaffu marasa ciki, baza sauran a faifai a inuwa, ba a kan kwano cikin rana ba. In ka lanƙwasa ɗaya ya karye ƙas, ya bushe. Da hunturu mako ɗaya ya isa, a ƙarshen damina ya fi haka. Kowace kabewa da ambulan ɗinta da lambarta, sannan cikin kwalba a ɗaki mafi sanyi. Kada ka shuka duka, rage rabi saboda ɓacin rana.

9. Zuriya ta gaba, inda ake ƙidaya

A ce ka haɗa tsantsar mai ruwan lemo da tsantsar kore. Kabewar da ta fito a wannan karo kamar uwarta za ta kasance, kada ka ce aikin bai yi ba. Shuka irinta, 'ya'yan duka za su zo da ruwan lemo, koren yana ciki kamar S a jikin mai AS. Haɗa kowace da kanta, ka sake shukawa. A nan ne za su rabu, wajen uku da ɗaya.

Yawan shuka yana da muhimmanci. In huɗu kawai ka shuka, kusan sau ɗaya cikin uku ba za ka ga kore ko ɗaya ba, alhali yana nan. Da 12, yiwuwar ya ɓuya maka ta sauko wajen 3 cikin 100. Shi ya sa ba na yin ƙasa da 12. Mai neman launin nan na ɗaya cikin 16 kuwa sai ya tanadi fili na shuka 48 ko fiye.

In launin da kake so mai ɓuya ne, ka huta. Duk wadda ta nuna shi ba ta ɓoye komai, in ka haɗa ta da kanta 'ya'yanta haka za su zo. In mai rinjaye ne, da sauran aiki, domin cikin kowace uku masu ruwan lemo ɗaya ce tsantsa, biyu suna ɗauke da kore, kuma ido ba ya bambanta su. Zaɓi biyar ko shida da ka haɗa da kansu, ka ba kowace layinta na shuka 12. Layin da kore ya ɓullo a ciki, ajiye shi gefe. Wanda ya fito bai ɗaya, shi ne irinka. Wata hanyar ita ce ka haɗa wadda kake zargi da wata koren kabewa: in tana ɗauke da shi, kusan rabin 'ya'yan kore za su zo. Daga haɗin farko zuwa wannan mataki shuka sau huɗu ke nan, shekara biyu ga mai noman damina da rani, huɗu ga mai damina kaɗai.

In fili ya yi maka kaɗan, raba layukan ga 'yan'uwa ko abokai, kowa ya riƙe ɗaya da lambarsa. Bayan launi ya tsaya, ba sai ka riƙa ɗaure kowane fure ba in gonarka ta yi nisan mita 800 ko fiye da wata kabewa mai irin mariƙinta. A fadamar Galma, inda gona ke jikin gona, ba a samun wannan tazara, don haka duk shekara nakan haɗa fure shida zuwa takwas da hannu tsakanin shuke-shuke mafi kyau na layin, in bar sauran ga ƙudan zuma su zama na kasuwa da na miya.